Dan Allah ku daina yanke wa kanku hukunci da takardar gwajin halayya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan maganar na daɗe ina so in yi ta, don abin ya yi yawa a ɓangarenmu na lafiyar ƙwaƙwalwa kuma kullum abu ɗaya ne. Za a yi wa mutum gwajin halayya, irin mai tarin tambayoyin nan da ake amsawa da gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, sakamako ya fito, tun kafin ya zauna da masanin da ya sa a yi gwajin sai ya ɗauki hoton takardar a waya, ya duba layin da ya fi kowanne tsawo, ya kwafi sunan da ke kusa da shi ya zuba a Google, shikenan ya gama yanke wa kansa hukunci. Wani zai dawo mana ido ya yi ja kwana biyu babu barci, wai shi ashe mahaukaci ne bai sani ba. Wata kuma mijinta ne ko yayanta ya tsinci takardar, ya tura wa 'yan uwa a WhatsApp, kafin gari ya waye an laƙaba mata sunan ciwon da ba ta da shi. Haba jama'a!

Ku tsaya in gaya muku yadda abin yake. Gwajin da aka fi amfani da shi a duniya a wannan fanni shi ne MMPI, mutum biyu suka haɗa shi a Jami'ar Minnesota da ke Amurka, Starke Hathaway da J. C. McKinley, ya fito a 1943. An sabunta shi a 1989 ya koma MMPI-2 mai tambaya 567, aka yi gajerensa mai 338 a 2008, sannan MMPI-3 mai 335 a 2020. Akwai wasu irinsa, kamar PAI na Leslie Morey da ya fito a 1991 mai tambaya 344, da MCMI na Theodore Millon. Duk cikinsu babu wanda aka yi don mai amsawa ya karanta wa kansa sakamako.

A MMPI-2 manyan ma'aunai goma ne, kowanne da lambarsa. Na 1 yawan damuwa da lafiyar jiki, na 2 baƙin ciki da mutuwar jiki, na 3 yadda damuwar zuciya ke fitowa ta jiki, na 4 saɓani da doka da iyali da na gaba, na 5 abubuwan da aka saba jingina wa maza ko mata, na 6 zargi da saurin jin an taɓa ka, na 7 fargaba da saƙe-saƙe, na 8 tunani da ji na daban da ganin kai bare cikin mutane, na 9 yawan kuzari da rawar kai, sai na 0 wanda yake auna son kaɗaici. To matsalar a ina take? A sunayen. Sunayen da aka buga a jikin takardar tsofaffi ne, na ciwukan da aka sani a shekarun 1940, don haka za ka ga an rubuta sikizofireniya, wato ciwon ruɗewar tunani da jiye-jiye, a kan na 8, faranoya, wato ciwon mugun zargi, a kan na 6. Su kansu masu gwajin sun gano tun da wuri cewa ma'aunin ba ya ware ciwo ɗaya tak, shi ya sa ƙwararru a tsakaninsu da lamba suke kiransu. Wanda ya yi shekaru yana karatun abin ya guji sunan, kai kuma da ka ga takardar yau ka riƙe sunan gam ka hana kanka sukuni.

Ma'auni na 8 yana iya hawa ga wanda ya shiga mummunan tashin hankali, ko wanda damuwa ta yi masa katutu har ya daina gane kan tunaninsa, ko wanda yake jin babu mai fahimtarsa. Na 4 yana hawa ga wanda gidansu ke cikin rigima, ba sai mai laifi ba. Na 6 yana hawa ga wanda da gaske ake shari'a da shi ko ake yi masa bita da ƙulli a wurin aiki, to in aka tambaye shi ko akwai masu neman sa da sharri me kuke so ya ce? Na 1 kuwa mai ciwon jiki na gaske, wanda kullum yana fama da ciwon baya ko ciwon ciki, dole ya amsa tambayoyin jiki da eh. Na 0 ma ba ciwo yake aunawa ba sam, mutum ne mai kunya ko wanda bai son hayaniya. Lamba iri ɗaya, mutane daban daban, dalilai daban daban. Kamar ma'aunin zafin jiki ne, zai nuna maka jiki ya yi zafi amma ba zai gaya maka me ya kawo zafin ba, sai likita ya bincika.

Sai kuma lambobin sakamakon da kowane ma'auni ke nunawa, nan ne ake wani shirmen. Ba makin jarrabawa ba ne dan Allah. Na sha ganin wanda ya samu 50 yana cewa rabi ya ci, wani ya ga 70 yana lissafin wai kashi 70 cikin ɗari na ƙwaƙwalwarsa ya taɓu. Ba haka ba ne. 50 ita ce tsaka-tsakin mutanen da aka gwada aka kafa ma'aunin a kansu, a MMPI-2 mutum 2,600 ne 'yan Amurka. Daga 65 zuwa sama ake cewa ya hau, a duba. Kuma a cikin waɗancan mutanen, da ba marasa lafiya aka ɗebo ba, kusan 8 cikin ɗari suna kaiwa wurin a ma'auni guda, ga shi kuma ma'aunan da yawa, kun ga ba abin mamaki ba ne lafiyayyen mutum ya ga layi ɗaya ya ɗaga. A PAI daga 70 ake fara lura, MCMI kuma lissafinsa daban ne gaba ɗaya, 75 da 85 ake dubawa. To wanda bai ma san wane gwaji aka yi masa ba ta yaya zai fassara lambar?

Kuma fa mu kanmu ba da waɗannan goman muke farawa ba. Akwai ma'aunan da suke duba yadda mutum ya amsa tambayoyin, su ake fara karantawa, in suka ce sakamakon bai inganta ba to sauran duk ajiye su ake yi. L yana kama wanda yake so ya nuna shi ba ya ko kuskure, bai taɓa fushi ba, bai taɓa faɗin abin da ba haka ba. K yana kama mai ɓoye damuwarsa da dabara. F yana hawa idan mutum ya amsa abubuwan da ba kasafai ake amsawa ba, ko don yana ƙara gishiri, ko don bai fahimci tambayoyin ba, ko kuma don da gaske yana cikin matsanancin hali yana neman a agaza masa, kuma rarrabe waɗannan ukun aikin ƙwararre ne. Akwai VRIN da TRIN masu kama wanda ya gaji ya dinga cikewa barkatai ko ya bi layi ɗaya yana ta eh, eh, eh. In ka tsallake tambaya 30 ko fiye a MMPI-2 ma sakamakon ba abin dogaro ba ne. Yanzu ku duba, mutum ya gaji a tambaya ta ɗari uku ya ƙarasa da ka, F ya hau, na 8 ya bi shi, takardar da mu za mu ce a sake ita ce shi yake kuka a kanta cikin dare.

Ni wallahi ba na ganin laifin wanda ya tsorata. Kowa ya ga irin wannan suna a jikin takarda mai ɗauke da sunansa gabansa zai faɗi, kuma wanda aka tura gwaji dama yana da abin da ke damunsa, zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar wani sabon nauyi. Abin da ke ƙona min rai shi ne abin da ke biyo baya. Wani ya daina zuwa asibiti don kunya. Wani ya je ya nemi maganin ciwon da ya gani a intanet ya fara sha ba tare da likita ya rubuta masa ba, alhali magungunan nan ba na wasa ba ne. Wata da baƙin ciki ne kawai ke damunta, abin da ake magancewa a samu sauƙi, ta koma gida tana ganin ta gama yawo, ta rufe ƙofa ta daina magana da kowa. Ku kuma 'yan uwa masu yaɗa takardar wani, ku ji tsoron Allah, sirrin mara lafiya ne, kuma abin da kuke yaɗawa ba ku ma fahimce shi ba.

Masani idan ya zauna da sakamakon, yana duba ma'aunai biyu ko uku da suka fi hawa tare, misali 2 da 7 in suka haɗu suna nuna baƙin ciki da fargaba a cakuɗe, ya haɗa da hirar da ya yi da kai, da tarihin lafiyarka, da magungunan da kake sha, da abin da ya same ka kwanan nan, da yaren da aka yi maka gwajin da shi da yadda ka iya karanta shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai, tambayar da aka rubuta don mutanen wata ƙasa ba lallai ta ba da ma'ana iri ɗaya a wata ba. Sai an haɗa duk wannan ake cewa ga abin da ake zato, kuma ko a nan gwajin taimako yake yi, ba shi kaɗai ke tabbatar da ciwo ba.

To ga abin da nake roƙo a taƙaice. Ranar gwaji ka yi barci ka huta, MMPI-2 yana cin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka amsa gaskiya, kar ka gyara kanka kar ka ƙara. In ba ka gane tambaya ba ko karatun yana ba ka wahala ka faɗa tun farko. Kar ka karɓi takarda ka tafi ba a yi maka bayani ba, ka nemi a ba ka lokacin zama, ka tambayi wane gwaji ne, sakamakon ya inganta ko bai inganta ba, me hawan nan yake nufi a kanka kai, kuma wa da wa za su ga rahoton. Waɗanda ake cikewa kyauta a intanet da sunan MMPI ku rabu da su, na gaske ƙwararru masu izini kawai ake sayar wa. Yaro ɗan ƙasa da 18, daga shekara 14, akwai nasa daban, MMPI-A, kar a auna shi da na manya. In kuma kana jin tunanin kashe kanka ko cutar da wani, wannan ba ya jiran sakamako ko ranar da aka ba ka, ka gaya wa wanda ka yarda da shi ya raka ka asibiti yau ɗin nan.