Mai ya shiga ruwan rijiya: sai an tsaftace shi zuwa ina za a ce ya gyaru?

Wai idan fetur ya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba sai a kwashe shi duka ba kawai?

Ai da ana iyawa da an huta. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, to idan tankin gidan mai ya ɓule a ƙasa ko bututu ya fashe, man zai yi ta tsiyaya har ya je ya kwanta a saman ruwan, wannan ana iya zuƙe shi da famfo. Matsalar ita ce wanda ya narke cikin ruwan da wanda ya maƙale a yashi, shi kam shekaru zai yi yana sakin guba kaɗan-kaɗan, ka zuƙe yau bayan damina ya dawo. Shi ya sa hukuma ke yanka lamba ta ce in an sauko nan an gama.

To wace lamba ce, kuma wa ke yanka ta?

An fi sa ido kan wani sinadari da ke cikin fetur mai suna benzin, saboda yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikrogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha, Amurka ta tsaya a 5. Don ka gane ƙanƙantar 10 ɗin nan, giram ɗaya kenan, bai kai rabin cokalin shayi ba, a cikin ruwan da zai cika tanka uku irin masu dakon mai ɗin nan na lita 33,000. Kuma fa hanci ba ma'auni ba ne, ruwa zai iya wuce wannan lambar ka sha ba ka ji warin komai ba.

Najeriya fa?

Muna da kundin ƙa'idojin muhalli na harkar mai, wato EGASPIN, da tsohuwar hukumar kula da albarkatun mai DPR ta fitar a 1991 ta sabunta a 2002 da 2018, kuma lambobinsa daga ƙasar Holan aka aro su. Lamba biyu ya bayar ga mai a ruwan ƙasa: in ya kai maikrogiram 600 a lita dole a shiga gyara, inda ake so a kai kuma shi ne 50. Toh a nan gizo ke saƙar, don mai biyan kuɗin aiki da ya ga ya sauko ƙasa da 600 sai ya ce shi fa ya gama, alhali tsakanin 600 da 50 tafiya ce mai nisa. Ni a ganina wannan giɓin ya fi komai cutar da mutanen da ke shan ruwan.

An taɓa ganin hakan a zahiri?

Sosai ma. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas ya gano cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai benzin ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, an kuma samu tataccen mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙasa. Rahoton ya ce DPR da NOSDRA, hukumar da ke kula da malalar mai, kowacce da yadda take fassara kundin, kuma gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Sai 2016 aka ƙaddamar da aikin.

Lamba ɗaya za ta yi wa ko'ina?

A nan ake ta ja-in-ja. Wasu na cewa a duba haɗarin wurin tukuna, wa ke shan ruwan, zurfinsa nawa, laka ce ko yashi, ina yake gangarawa. Akwai hankali a ciki, filin masana'anta da ba mai ɗibar ruwa ba daidai yake da unguwa ba. Amma wannan tsarin ya fi dacewa da inda kowa ke da ruwan famfo. A unguwanninmu da za ka ga gidan mai katanga ɗaya da rijiyar burtsatse, 'yan ga-ruwa na layi da jarkoki tun asuba, duk ruwan da ke ƙasa ruwan sha ne, ma'aunin ruwan sha ya kamata a ɗora masa.