Salon haruffa a shafukan intanet

Salon haruffa, wanda masu gina shafuka ke kira font, shi ne siffar da baƙaƙe da lambobi ke fitowa da ita a fuskar na'ura. Shafin intanet ba hoton rubutu yake aikawa ba. Lambar kowane harafi yake turawa, burauza kuma, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita, ta nemo salon da za ta zana shi da shi. Idan salon da mai shafi ya ambata babu shi a kwamfutar mai karatu, sai ta ɗauko wani ba tare da ta tambayi kowa ba. Shi ya sa shafi ɗaya kan fito da kama daban-daban: a nan kanun labari ya zauna a layi guda, a can ya karye gida biyu.

Dabarar farko

A 1996 kamfanin Microsoft ya fara raba wasu salo kyauta, ciki har da Arial, Times New Roman, Courier New, da Verdana da Georgia waɗanda Matthew Carter ya zana domin karatu a kwamfuta. An daina rabawar a 2002, amma sun riga sun bazu a Windows da Mac, har aka ɗauke su a matsayin salon da ba ya ba da kunya. Ƙa'idar CSS ta tsara kamannin shafi, wadda ta fito a 1996, ta ba mai shafi damar jera madadi: in babu na farko a ɗauki na biyu, in babu kowa a faɗa kan duk wanda na'urar ke da shi. Zuwan wayoyi ya rage wa dabarar ƙarfi, domin Android da salon Roboto take zuwa, ba da Arial ba. A Linux kuwa akwai Liberation Sans, wanda aka auna faɗin haruffansa daidai da na Arial don kada layi ya motsa.

Aika salon tare da shafi

Umarnin @font-face, wanda ke sa burauza ta sauko da fayil ɗin salon, ya shiga CSS tun 1998. Ya yi kusan shekara goma ba a cika amfani da shi ba: masu sayar da salo na tsoron sata, masu burauza kuma kowa da irin fayil ɗin da yake karɓa. Burauzar Safari ta buɗe ƙofa a 2008, Firefox ta biyo a 2009, sannan Google Fonts ya bayyana a 2010. Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da tsarin fayil ɗin salo na WOFF a 2012, da WOFF2 a 2018, wanda ya fi matse fayil. Sai dai saukowar na cin data da lokaci. Inda intanet ke jan ƙafa, mai karatu kan zuba wa farin fili ido na ɗan lokaci, sai in mai shafi ya sa umarnin font-display ya nuna madadi kafin na ainihin ya iso. Ko bayan ya iso, Windows da macOS ba sa goge gefen harafi iri ɗaya, don haka kaurinsa kan ɗan bambanta.

Haruffa masu lanƙwasa

Ga mai rubutu da Hausa abin ya wuce kwalliya. Ɓ, ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, duk suna da gurbi a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, amma salo da yawa ba a zana su a ciki ba. Burauza kan aro harafin daga wani salon, sai ƙ ta fito siririya ko ta ɗara 'yan uwanta tsawo a tsakiyar kalma. In ba ta samu ba, ta ajiye ɗan akwati. Wannan na cikin abin da ya sa wasu ke zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa ta koma kasa. Wani kuskuren na mai shafi ne: ya datse fayil don rage nauyi, ya bar baƙaƙen Turanci kaɗai. Salon Noto na Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL, suna ɗauke da waɗannan haruffa. SIL ta kuma fitar da Alkalami, salon ajami da aka kwaikwayo daga rubutun hannu na ƙasar Kano.