Me ake nufi da hawan jini?

Idan ma'aikaciyar jinya ta ɗaura maka madaurin awo a damtse, ta hura masa iska har ya matse, sannan ta rubuta 160/100, ba yawan jinin jikinka ta auna ba. Abin da ta auna shi ne ƙarfin da jini yake tunkuɗar bangon jijiyoyin da yake gudana a cikinsu.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, kuma ɗakuna huɗu gare ta. Ɗakin ƙasa na ɓangaren hagu ya fi sauran kauri, domin shi ke tura jini zuwa ko'ina a jiki. A jikin baligi akwai jini kimanin lita 5, kuma ko mutum yana zaune yana hutawa, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Duk lokacin da ta matse, jini yana fita da ƙarfi. Wannan ita ce lambar sama. Idan ta saki tana sake cika, ƙarfin yana raguwa amma ba ya ƙarewa. Wannan ita ce lambar ƙasa. Awon mai lafiya yakan kasance kusa da 120/80. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban aka samu lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90.

To me ke sa ya hau? Duk wanda ya taɓa matse bakin tiyo da ɗan yatsa ya ga yadda ruwa ke tsartuwa. Haka abin yake idan ƙananan jijiyoyi suka tsuke, ko suka sandare saboda shekaru. Zuciya dole ta ƙara ƙoƙari, bangonta ya yi kauri, daga baya ta gaji. Ƙoda ma tana da hannu, domin ita ce mai tace gishiri da ruwa. Gishiri ya yi yawa, jiki ya riƙe ruwa, awo ya tashi. Shawarar hukumar ita ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Kuma a lissafa da dunƙulen miya da kanwa, don sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinsu. Gado, ƙiba, taba da rashin motsa jiki duk suna ƙara haɗarin.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke jiran ciwon kai ko jiri kafin mu nemi awo. Mafi yawan masu wannan lalura ba sa jin komai, har sai jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza, ko ido ya dushe. Ɓacin rai da tunani suna iya ɗaga awo na ɗan lokaci, amma mai fara'a ma yana kamuwa. Mai juna biyu kuwa, awon da ake yi mata a asibiti shi ke tona hawan jinin da kan kai ga jijjiga.

Wanda likita ya ɗora a kan magani, idan ya ga lambar ta sauka, maganin ne ya saukar da ita. Ya daina sha, za ta sake hawa.