Kogin Elwha da maganar hanyar kifi

'Yan'uwa masunta, akwai wani kifi a tekun Pasifik da ake kira salmon. A can saman kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana ƙiba, idan lokacin ƙwai ya yi kuma ya juyo, ya bi ƙamshin ruwa har rafin da ya fito. Macen takan sami wuri mai tsakuwa, ta kwanta ta gefe tana kaɗa wutsiya har ta yi rami, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba ruwansa, ta rufe. Daga nan sai mutuwa. Haihuwa ɗaya ce tak, in ya rasa hanya shi ke nan.

A jihar Washington ta Amurka an tare kogin Elwha da dam na lantarki a 1913, kilomita 8 kacal daga bakin teku. A 1927 aka ƙara wani a samansa, Glines Canyon. Dokar jihar ta ce wanda ya tare kogi sai ya bar wa kifi hanya, amma ba a bari ba. Hanyar da ake nufi ita ce tsanin kifi: jerin kududdufai na siminti a gefen dam, kowane ya ɗan fi na ƙasansa tudu, ruwa na zuba daga wannan zuwa wancan, kifi ya yi tsalle ya huta, ya sake tsalle. Rashin wannan ya rufe wa salmon fiye da kilomita 110 na kogin da rassansa. Dam ɗin ya kuma riƙe tsakuwar da ruwa ke kawowa, har ɗan wurin da ya rage a ƙasa bai cika karɓar ƙwai ba. 'Yan ƙabilar Klallam, waɗanda kifin nan ne tuwonsu, su suka fi ji a jika.

Majalisar dokokin Amurka ta amince da gyaran kogin a 1992, amma sai Satumban 2011 aka fara rushe dam ɗin guda biyu, aka gama a Agustan 2014. Kifi ya koma sama da ƙafarsa, in ana iya cewa haka. An dasa itatuwa a inda tafkin ya janye don inuwa ta sanyaya ruwa, an jibge manyan gungume a cikin kogin domin 'ya'yan kifi su sami maɓoya. Abin da ya fi burge ni shi ne masuntan sun ajiye taru tun 2011, ba su koma ba sai 2023, shi ma da ƙayyadadden adadi. Shekara 12 mutum yana kallon kifi yana haɗiye yawu.

Mu ba mu da salmon, amma tarwaɗa da ƙarfasa su ma masu tafiya ne. Da ruwan damina ya cika, sai su bar tsakiyar kogi su bazu cikin fadama su yi ƙwai. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, cikowar da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai. Ba cewa nake a fasa Tiga ba, Kano na sha daga nan, manoman rani na ci.

Na taɓa tsayawa a wata kwalbati da aka ɗora bakinta sama da ruwa wajen kamu biyu. Tarwaɗa ta taru a ƙasa baƙi ƙirin, yara na kwasa da kwando, duk wadda aka matsa cikinta sai ƙwai. Ana murna, ni kuwa kifin baɗi nake gani a kwandon. Da muka jera duwatsu mataki-mataki a bakin, kafin la'asar sun fara hayewa.

Saboda haka, Sarkin Ruwa da dattawa, bana idan za a kafa dumba, wato shingen kamun kifi, kada a tare magudana daga gaɓa zuwa gaɓa, a bar ƙofa a inda ruwa ya fi zurfi. Gidan sauro ba taru ba ne, gamalin kuma, gubar nan da ake zuba wa ruwa, ba ya barin babba balle ƙarami. Gayyar yankan kacalla a yi ta tun da bazara, kafin ruwan farko ya iso.