Haki Madhubuti

Haki Madhubuti marubucin waƙoƙi ne, edita kuma mai kamfanin ɗab'i, baƙar fata ɗan Amurka. An haife shi ranar 23 ga Fabrairun 1942 a Little Rock ta jihar Arkansas, ya tashi a Detroit. Sunansa na yanka Donald Luther Lee. A 1974 ya ɗauki sunan da aka san shi da shi yau daga harshen Suwahili: "haki" na nufin adalci, asalinta ɗaya da "haƙƙi" ta Hausa, "madhubuti" kuwa abu mai inganci da za a dogara da shi.

Yana ɗan shekara 16 mahaifiyarsa ta rasu. Ya yi aikin soja daga 1960 zuwa 1963, sannan ya zauna a Chicago, inda ya shiga sahun marubutan da suka dage cewa baƙar fata ya yi rubutu don mutanensa, da irin maganar da suke yi a unguwa. Waƙoƙinsa na farko gajeru ne masu zafi, an tsara su don a karanta da murya a gaban jama'a. Kundinsa na farko, Think Black, shi da kansa ya riƙa tallarsa a bakin titi. Don't Cry, Scream na 1969, wanda kamfanin ɗab'i na Broadside Press, na mawaƙi Dudley Randall, ya buga a Detroit, shi ya fito da sunansa sosai.

Babban aikinsa dai shi ne maɗaba'ar Third World Press. A 1967 ya kafa ta a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa a kudancin Chicago, da jarin dala 400 da ya samu daga karanta waƙa, da wani tsohon injin gurza takardu. Mawaƙa mata biyu, Carolyn Rodgers da Johari Amini, suna tare da shi tun farko. Dalilinsu a fili yake: manyan kamfanonin ɗab'i na New York su ke zaɓar abin da zai fito, marubucin da ba shi da maɗaba'a kuwa muryarsa a hannun wani take. Irin waɗannan ƙananan kamfanoni da dama sun durƙushe, wannan kuwa ta haura shekara 50 tana aiki, abin da ya cancanci yabo ga wanda ya san wahalar kuɗin takarda da rarraba littafi.

Marubuciyar waƙoƙi Gwendolyn Brooks, wadda a 1950 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci babbar kyautar marubuta ta Pulitzer, ta ɗauke shi tamkar ɗa, daga baya kuma ta ba kamfanin littattafanta. Sun kuma buga littattafan mawaƙa Amiri Baraka da Sonia Sanchez da masanin tarihi Chancellor Williams. A 2006 littafin The Covenant with Black America da suka buga ya hau saman jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Ya yi editan mujallar Black Books Bulletin, ya koyar shekaru da yawa a Jami'ar Jihar Chicago, inda ya kafa cibiyar nazarin adabi mai sunan Brooks. Shi da matarsa Safisha sun buɗe makarantun yara a birnin. A Disambar 2022 bututun ruwa ya fashe a ginin kamfanin, ruwa ya lalata littattafai masu yawa da ke ajiye, masu karatu suka tara gudummawa aka ci gaba da aiki.