Ma'anar "O-antijin": rigar sukarin da ƙwayar olsa ke sawa

Duk wanda ya taɓa karɓar sakamakon gwajin taifot, wato Widal, ya ga wasu haruffa guda biyu a takardar, O da H, ga lambobi a gefe irin su 1/80 ko 1/160. Yawancinmu lambar kawai muke dubawa mu wuce kemis. To wannan O ɗin sunan wani abu ne da ke jikin ƙwayar cuta, kuma ba ta taifot kaɗai ke da shi ba, har da ƙwayar olsa da ake kira Helicobacter pylori.

Bakteriya irin waɗannan suna da fata ta waje, a kan fatar kuma akwai wani sinadari da masana ke kira LPS. Kashi uku ne. Gindinsa maiƙo ne da ya kafe cikin fatar, sai tsakiya, sai kuma dogon zaren sukari da ya miƙo waje kamar gashi, wannan zaren shi ne O-antijin. Kar ka ji an ce sukari ka ɗauka na shayi ne fa, ƙananan sinadarai ne dangin sukari da aka jera kamar tsakiyar carbi, kowace ƙwaya da irin jerinta. Harafin O ɗin ma daga Jamusanci aka samo shi, H ɗin kuwa wutsiyar da ƙwayar ke iyo da ita ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne wayon ƙwayar olsa. Sojojin garkuwar jiki da riga suke gane baƙo, ita kuwa sai ta ɗinka rigar da ta yi kama da tamu. Zaren sukarinta yana ɗauke da jerin da ake kira Lewis x da Lewis y, irin wanda ke kan ƙwayoyin halittar ɗan Adam har da na bangon ciki, kamar dai ɓarawon da ya shigo gidan biki sanye da anko. Kuma ba ta tsaya nan ba, tana iya kunnawa ko kashe injinan da ke ɗinka wannan jerin, yau wasu daga cikinta suna da Lewis x gobe sun canza, sannan maiƙon gindin nan da a jikin wasu bakteriya yake tayar da zazzaɓi mai zafi, nata mai rauni ne ƙwarai, ba ya tayar da ƙura sosai. Shi ya sa mutum zai kwashe ta tun yana yaro ta zauna a cikinsa shekara arba'in ko fiye.

Da ma can likitoci ba su yarda akwai abin da zai rayu a cikin asid ɗin ciki ba, sai da wasu likitoci biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna wannan ƙwayar a birnin Perth na Ostireliya a 1982, Marshall ma kurɓar ta ya yi a 1984 don a yarda da shi. Sun samu kyautar Nobel a 2005.

To ta yaya ake gano rigar? Da antibodi. Antibodi wani furotin ne da jiki ke ƙerawa, kowanne abu ɗaya yake kamawa kamar makulli da kwaɗonsa. Tun 1975 da wasu masana biyu, Köhler da Milstein, suka gano hanyar samar da antibodi iri ɗaya zalla a Kambirij ta Ingila, sai aikin ya yi sauƙi. Ana shafa LPS ɗin ƙwayar a gindin wani faranti mai ƙananan ramuka, a zuba antibodin da ya san Lewis y misali, a wanke, a zuba wani ruwa, in ramin ya canza kala to ya kama. Wannan shi ne ELISA.

A asibiti kuma abin kashi biyu ne, kuma nan mutane ke rikicewa. Gwajin jini na olsa ba ƙwayar yake nema ba, antibodin da jikinka ya yi mata yake nema, kuma wannan yana iya daɗewa a jini watanni har shekaru bayan an kashe ta. Wato za ka sha magani ka warke, ka koma a sake ɗibar jini a ce maka "har yanzu tana nan", ka sake kashe kuɗi a banza. Gwajin bahaya shi ne akasin haka, antibodin yana cikin kayan gwajin, yana laluben ɓurɓushin ƙwayar kanta. Gwajin bahayan nan ko gwajin numfashi ake yi in ana son tabbatar da ta mutu, amma sai an yi sati huɗu da gama antibayotik, an kuma ajiye magungunan rage asid irin su omeprazole na sati biyu, in ba haka ba sakamakon zai iya cewa babu alhali tana nan ta laɓe.