Waiwaye: Shirye-shiryen Haɓaka Sababbin Kamfanoni da Rabon Matan Gombe da Bauchi

Tun kafin a ji labarin shirye-shiryen haɓaka sababbin kamfanoni, matan Gombe da Bauchi suna da hanyoyinsu na tada jari, wato adashi da gudummawar dangi, da sayar da akuya ko kayan ɗaki idan ta kama. Da irin wannan kuɗi aka kafa sana'o'in man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗinki da turaren wuta, waɗanda daga cikin gida suke kaiwa har kasuwannin Wunti da Muda Lawal da babbar kasuwar Gombe. A 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, amma shi da waɗanda suka biyo bayansa sun fi karkata ga raba keken ɗinki da injin niƙa, domin burinsu rage talauci ne, ba gina kamfanin da zai ɗauki ma'aikata ba.

Salon da ake yayi yanzu daga Amurka ya taso. A 2005 aka kafa Y Combinator, cibiyar horar da sababbin kamfanoni da zuba musu jari, kuma ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka kafa shi mace ce, Jessica Livingston. Tsarin shi ne a zaɓi matasa masu sabuwar dabara, a ba su ɗan kuɗi a karɓi wani kaso na hannun jarin kamfaninsu, a horar da su na kimanin wata uku tare da gogaggun masu ba da shawara, sannan a ƙarshe su gabatar da aikinsu gaban masu zuba jari. A Najeriya salon ya fara kafuwa ne a unguwar Yaba ta Legas, inda cibiyar CcHUB ta buɗe a 2011, kuma ya samu karɓuwa sosai bayan Paystack, kamfanin Najeriya na biyan kuɗi ta intanet, ya shiga Y Combinator a 2016.

Kusan a lokaci guda aka fara lura cewa mata ba su cika shiga ba. Gasar tallafa wa matasa masu sana'a ta YouWiN da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɓullo da ita a 2011 ta ware zagayenta na biyu ga mata zalla. A 2014 Yasmin Belo-Osagie da Afua Osei suka kafa She Leads Africa domin mata masu kafa kamfanoni, a 2015 kuma Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta na horo da jarin dala 5,000 ga duk wanda aka zaɓa, wanda ake nema ta intanet, don haka mace tana zaune a Azare ko Kaltungo za ta iya cike takardar.

Sai dai abin da bincike ya gano daga baya ya cancanci a tsaya a kansa. Rahoton da IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, ya fitar tare da Village Capital, wata cibiyar horar da sababbin kamfanoni, a 2020 ya nuna cewa bayan kammala irin wannan horo, ƙarin jarin da kamfanonin maza suke samu ta hanyar sayar da hannun jari ya ninka na kamfanonin mata sau 2.6, yayin da su matan suka fi samun ƙari ta ɓangaren rance. Ma'ana, horon yana amfanar kowa, amma giɓin da ke tsakani ƙaruwa yake yi, saboda masu riƙe da kuɗin ba su sauya yadda suke auna mace ba. A ganina wannan shi ne ainihin matsalar, kuma ta fi tsanani a wajenmu, domin rancen banki mai kuɗin ruwa abu ne da mata da yawa a nan suke gujewa saboda addini, alhali zuba jari a raba riba da asara ya fi kusa da musharakar da malamai suka halatta. Hanyar da ta fi dacewa da su ita ce wadda aka fi toshe musu.

Akwai kuma batun yadda aka yanka rigar tun asali. Shirin da ke buƙatar mutum ya bar gida wata uku ya tare a Legas ko Abuja, ya yi bayani da Turanci cikin 'yan mintoci gaban baƙi, an tsara shi ne da saurayi marar iyali a zuciya. Matar aure mai goyo a Tudun Wada ko Jekadafari sai ta nemi yardar maigida, ta samo wanda zai kula da yara, kuma sau da yawa ribar sana'arta tana cikin littafin bashi ko cikin kanta, ba a asusun banki da mai zuba jari zai duba ba. Wannan ba gazawar basira ba ce, kuma duk wanda ya ga yadda uwar adashi take riƙe lissafin mutum talatin ya san haka.

Dokar sababbin kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Oktoban 2022, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami, ɗan Gombe kuma tsohon malami a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, yana ministan sadarwa, ta tanadi asusun tallafi da sassaucin haraji, ta kuma ɗora wa hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, aikin tantancewa. Amma kafin kamfani ya samu shaidar cin gajiyar dokar, dole ne ya kasance an yi masa cikakkiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, kuma aikinsa ya rataya ga fasahar zamani. Ɗalibar da ta ƙirƙiro manhaja a Jami'ar Jihar Gombe za ta iya cika waɗannan sharuɗɗa idan ta samu mai yi mata jagora, amma mai sarrafa gyaɗa ko shinkafar Dadin Kowa, wadda take da ma'aikata da masu saye tuni, tana wajen da'irar, sai dai idan masu shirya horon a jihohin nan biyu sun sa rajista da koyar da riƙe lissafi da haɗa ta da mai zuba jari cikin aikin da suke yi mata.